Rawar Da Ba A Yi Niyya Ba: Laifin Wa?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi wa ɗan Adam baiwar hankali, Ya kuma ɗora masa nauyi gwargwadon hankalin nan. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani al'amari da ya zama sananne a makarantun 'yan mata na ƙasar Hausa, har da wuya a sami magidanci a Funtuwa ko Malumfashi, ko Bakori da Ƙafur da Ɗanja, wanda bai taɓa jin labarinsa ba, in ma bai same shi har gida ba. Ana zaune cikin aji lafiya ƙalau, sai yarinya guda ta kurma ihu ta faɗi tana birgima. Kafin a ɗauke ta, ta kusa da ita ta bi, sa'an nan ta bayanta, kafin azahar an shimfiɗar da 10 ko 20, wata na kuka, wata na dariya, wata na magana da muryar da ba tata ba, wata kuwa ta miƙe tana rausaya kamar ana yi mata kiɗa. Sai a aika wa iyaye, a nemo malami mai ruƙiyya, wani lokaci ma a sallami 'yan makaranta gaba ɗaya. Daga nan gari ya rabu uku. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce iskanci ne, waɗansu kuma su ce jifa aka yi wa yaran, su shiga neman wanda ya yi.

To, tambayar da ta kamata mai hankali ya tsaya a kanta ita ce, idan jama'a ta faɗa cikin abin da ba ta yi niyya ba, wa ke da alhakin? Wadda ta faɗi ce za a tambaya, ko kuwa waɗanda suka tsaya a kanta da hankalinsu? Ba a iya amsa wannan sai an waiwaya baya, gama abin ba yau ya fara ba, kuma ba ƙasar Hausa kaɗai ya sani ba.

ABIN DA YA FARU A TURAI

Cikin shekarar 1374, a birnin Aachen na ƙasar Jamus ta yau, aka ga maza da mata sun fito kan tituna suna rawa ba ji ba gani, suna tsalle suna ihu har su faɗi a galabaice, in sun farfaɗo su sake tashi. Cikin 'yan watanni abin ya bi garuruwan da ke kwarin kogin Rhine da kewaye, ya kai Cologne da Liège da Utrecht. Malaman coci suka ce shaiɗanu ne, suka yi ta ƙoƙarin fitar da su. Abin lura shi ne, mutanen nan 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka ga babbar annobar da ta ratsa Turai tsakanin 1347 da 1351, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'ar nahiyar, kuma a farkon shekarar da aka yi rawar kogin ya yi ambaliya mai tsanani ya ɓata gonaki.

Wadda aka fi sanin labarinta filla-filla ita ce ta birnin Strasbourg, wanda yau yake cikin Faransa. A watan Yuli na 1518 wata mata da aka kira Troffea ta fito ƙofar gidanta ta kama rawa, ba kiɗa ba biki. Ta kwana ta wuni tana yi. Kafin mako ya zagayo mutum fiye da 30 sun bi ta, kafin wata ya cika marubutan zamanin sun ce an kai wajen 400. Majalisar gari ta tambayi likitocinta, suka ce jini ne ya yi zafi, maganinsa a bar su su yi ta rawa har ya huce. Sai aka share musu kasuwar hatsi da zaurukan 'yan sana'a, aka kafa dandamali, aka yi hayar makaɗa da mabusa, har da ƙarfafan mutane masu riƙe wanda ya gaji don kada ya tsaya. Nan fa aka zuba wa wuta mai, gama duk wanda ya zo kallo da raunin zuciya sai ya shiga fage. Da majalisa ta ga haka ta juya, ta hana kiɗa da rawa a gari, aka kwashi masu rawar zuwa hubbaren wani waliyyi nasu mai suna Vitus kusa da garin Saverne, aka yi musu addu'a irin tasu, abin ya lafa wajen watan Satumba.

Mutanen yankin sun daɗe da imani cewa waliyyin nan in ya yi fushi yakan la'anci mutum da rawa. Kuma shekarun da suka gabaci 1518 shekaru ne na rashin amfanin gona da tsadar hatsi da bashi da cututtuka. Waɗansu masu bincike na baya sun ɗora laifin a kan wata irin ɓarna mai dafi da ke kama hatsin da suke yin burodi da shi, amma da yawa sun ƙi wannan, domin wanda ya ci dafin nan ba ya iya tsayuwa, balle ya yi rawa kwana da kwanaki. Masanin tarihi John Waller, wanda ya wallafa littafi a kan al'amarin a 2008, ya tafi a kan cewa ƙuncin rayuwa ne ya haɗu da tsoron la'anar da suka yi imani da ita.

A AFIRKA DA ƘASAR HAUSA

A watan Janairu na 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke ƙauyen Kashasha a Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau, yara uku suka kama dariya da kuka ba tsayawa. Abin ya kama 95 daga cikin ɗalibai 159, aka rufe makarantar a watan Maris, yaran suka koma ƙauyukansu da shi, ya bazu zuwa waɗansu makarantu. Likitoci sun auna jini, sun duba abinci, ba su sami ƙwayar cuta ko guba ba.

A Nijar kuwa, wajen shekarar 1925, a ƙasar Filinge, a daidai lokacin da mulkin Faransa ya tsananta da aikin tilas da haraji, waɗansu sababbin iskoki suka bayyana waɗanda aka kira Hauka, ko Babule. Wanda suka hau sai ya riƙa tafiya irin ta soja, yana ba da umarni kamar gwamna ko kwamanda, yana kwaikwayon harshen Nasara. Faransawa suka kama su suka ɗaure, amma abin ya bi 'yan ci rani har Ankara, inda Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki hotonsu cikin wani fim da ya fito a 1955.

Sai kuma wadda manya da yawa a nan Arewa suke tunawa, watau Sumbuka. A ƙarshen shekarar 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Jihar Kano suka kama faɗuwa da rawa, rawar kuwa waɗanda suka gani suka ce irin ta finafinan Indiya ce. Labari ya bazu cewa wata tsohuwa ce ta roƙi yaran su rage hayaniya suka yi mata izgili, ta bar su da wannan. Malamai masu ruƙiyya suka shiga makarantu, aka yi ta sayar da kaset-kaset na hira da aljanu a kasuwa, kuma tun daga lokacin sana'ar ruƙiyya ta bunƙasa a birane. Bayan 'yan watanni kaɗan, a farkon 1996, annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa ta kashe mutum fiye da 11,000, tsoro ya hau kan tsoro.

Wanda ya jera waɗannan labarai zai ga abubuwa uku suna maimaituwa. Na farko, abin ya fi zuwa ga mutanen da suke cikin matsi kuma ba su da bakin faɗa, talakawa cikin yunwa, ko talakawa a hannun mai mulkin mallaka, ko yara mata a makarantar kwana nesa da iyayensu. Na biyu, yakan ɗauki kamannin abin da ke cikin zukatan mutanen wurin: Bature ya yi rawar waliyyinsa, mutumin Filinge ya yi faretin soja, 'yar Kano ta yi rawar Indiya. Na uku, yana yaɗuwa ta ido da kunne, yana ƙaruwa in an taru a kansa, yana raguwa in an raba waɗanda ya kama an kwantar musu da hankali.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Samuwar aljanu ba abin jayayya ba ne ga Musulmi, gama akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai sunansu. Game da shigar aljani jikin mutum kuwa, mafi yawan malaman Sunna sun tabbatar da yiwuwarta, irin su Ibn Taimiyya, waɗansu malaman Mu'utazila kuma suka musanta. Amma tabbatar da cewa abu yana yiwuwa daban yake da rantsuwa cewa shi ne ya faru ga wance ranar kaza. Ibnul Ƙayyim, almajirin Ibn Taimiyya, cikin littafinsa Zadul Ma'ad, ya raba farfaɗiya gida biyu, wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi da wadda ke zuwa daga lalacewar abubuwan da ke cikin jiki, ya bar ta biyun a hannun likitoci. Tun kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya nuna cewa tsoro da baƙin ciki da waswasi cututtuka ne kamar zazzaɓi, kuma ciwon rai yakan bayyana a gaɓoɓi.

Harshen Larabci ma yana da abin da zai koyar a nan. Kalmar jinni, da jununu mai nufin hauka, da janinu mai nufin ɗan tayi, da janna mai nufin lambu mai duhuwa, duk tushensu ɗaya ne, kuma ma'anar tushen ita ce ɓoyuwa. Watau Balarabe ya tara su wuri guda ne domin dukansu ido ba ya ganin cikinsu. To, abin da ya ɓoyu, ladabin mai ilimi shi ne ya yi taka-tsantsan wajen yanke hukunci a kansa. Wanda ya shiga aji ya tarar da yara 20 a ƙasa, ya ce nan take aljanu 20 ne, ya faɗi sunayensu da garuruwansu, ya yi da'awar ilimin da ba a ba shi ba. Haka kuma wanda ya ce duk ƙarya suke yi don gudun jarrabawa, shi ma ya yi da'awar sanin abin da ke cikin ƙiraza. Likitocin zamani sun tabbatar cewa mai wannan hali ba kwaikwayo yake yi ba: numfashinsa yana sauri da gaske, gaɓoɓinsa suna sandarewa da gaske, ko da awo bai nuna ƙwayar cuta ba.

HUKUNCIN WADDA TA FAƊI

Shari'a ta rataya alhaki ga hankali da niyya. Hadisi sananne ya nuna an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe, har sai kowannensu ya dawo hayyacinsa ko ya balaga. Saboda haka yarinyar da ta faɗi tana abin da ba ta iya hanawa ba ta da zunubi, ko aljani ne ya kayar da ita ko tsoro, gama a hali biyun duk ba zaɓinta ba ne.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas labarin wata baƙar mata mai farfaɗiya da ta je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nemi addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna, ko addu'ar waraka. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, ya kuwa yi mata. Bai tuhume ta da wani saɓo da ya jawo mata ciwon ba, bai tara mata jama'a ba, kuma abin da ta fi damuwa da shi, watau suturarta, shi aka kiyaye mata. A gwada wannan da abin da ake gani yau, inda yarinya ke birgima ɗankwali ya faɗi, samari sun kewaye ta da wayoyi suna ɗaukar hoto, kafin magariba hoton ya gama gari. Gobe in mai neman aure ya zo, a raɗa masa cewa tana da iska. Ta warke daga faɗuwar cikin kwana uku, amma sunan ya bi ta shekaru.

HUKUNCIN WAƊANDA SUKA TSAYA

A nan ne nauyin yake. Majalisar Strasbourg ba rawa ta yi ba, da hankalinta ta kafa dandamali ta kira makaɗa. Duk wanda ya mai da ciwon jama'a abin kallo, ko abin ciniki, ya gaji majalisar nan. Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta halal ce ba shakka, kuma tana sanyaya zuciyar mai tsoro. Amma ruƙiyyar da ake yi da lasifika a tsakar makaranta, sauran yara na kallo ana tambayar aljani sunansa, ana dukan yarinya da bulala ana cewa shi ake duka, wannan koya wa masu kallo yadda ake faɗuwa ne. Jikin da bulala ta sauka a kai na 'yar mutane ne, tabon kuma a kanta zai kwana.

Mafi muni shi ne neman wanda za a ɗora wa laifi. Sau da yawa abin da yarinya ta furta cikin gushewar hankali shi ake ɗauka hujja a kan wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin makaranta, ko kishiyar uwa, ko baƙuwar da ba ta da dangi a gari, a kira ta mayya. Alhali kuwa ba alƙalin Musulunci da zai karɓi shaidar wanda ba ya cikin hankalinsa, in kuwa aka ce aljani ne ya yi maganar, to, shaidar wanda ba a gani ba, ba a san adalcinsa ba, ta fi rauni. Suratul Hujurati ta yi umarni da bincika labari kafin a cuci mutane cikin jahilci a koma ana nadama. Taron da ya ɗauki sanda ya nufi gidan tsohuwa a kan maganar mai faɗuwa, shi ne ainihin taron da ya haukace, kuma haukarsa ba ta cikin wadda aka ɗauke wa alƙalami, domin kowa da ƙafarsa ya je. Tirmizi ya ruwaito gargaɗi a kan zama ɗan bi-yarima, mai cewa in mutane sun kyautata zai kyautata, in sun yi zalunci zai yi. Ranar hisabi kowa shi kaɗai zai tsaya, ba za a kira sunan taro ba.

Magabatan ƙasar nan sun fuskanci irin wannan. Bori ya daɗe a ƙasar Hausa, da girkarsa da gogensa da garayarsa, kuma ya yi ƙarfi a cikin Maguzawan karkarar Malumfashi har cikin ƙarni na 20. Mata ne suka fi shigarsa, domin a nan ne macen da ke cikin baƙin ciki take samun mai sauraronta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta gane haka. Ba ta tsaya ga hani kawai ba, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis masu zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, suna jin kukansu, suna koya musu addu'o'in neman lafiya. Ta toshe ƙofa guda bayan ta buɗe wata. Wanda ya hana mai ƙishirwa ruwan kududdufi, wajibinsa ne ya nuna masa rijiya.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE DA MALAMAI

Yaran kudancin Katsina na wannan zamani sun tashi cikin tsoron da iyayensu ba su sani ba suna ƙanana. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma shekara da shekaru ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun ga hare-hare da satar mutane da gonakin da aka bari ba shuka. Yarinyar da ta kwana tana sauraron ƙarar babur, wadda aka biya fansar babanta da kuɗin masarar shekara guda, in ta faɗi cikin aji ba sai an je nesa neman dalili ba. Kafin a tambayi aljani daga ina ya zo, ya kamata a tambayi yarinyar me ta gani, me take tsoro, ta ci abinci ko ba ta ci ba, aure ake shirin yi mata da wanda ba ta so ko kuwa.

Saboda haka in abin ya auku, a ɗauke wadda ta faɗi zuwa ɗaki mai iska, mata su rufe ta, a kori 'yan kallo, a hana ɗaukar hoto. A raba waɗanda abin ya kama, kada a tara su wuri guda. A kira ma'aikacin lafiya ya duba, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da farfaɗiya da shaƙar maganin feshi duk suna iya kayar da yaro, kuma a ƙasar noman auduga da masara maganin feshi ba baƙo ba ne, jinkiri a kan waɗannan kuwa yana kisa. A yi mata addu'a a hankali cikin sutura, ba duka, ba ciniki. Kada a ambaci sunan kowa da maita. Bayan ta natsu, a sami babbar mace mai amana ta zauna da ita ta saurare ta.

Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan. Wadda ta faɗi ba ta da laifi, haƙƙi take da shi a wuyan jama'a. Tambaya tana kan mai hankalin da ya tsaya a kanta: ya suturta ta ko ya tona ta, ya nemi dalili ko ya nemi riba, ya kashe wutar ko ya kira makaɗa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar da ƙasa cikin aminci, Ya kiyashe al'umma daga zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Amin.